Ragon da Maigidana Ya Yanka

Kusan shekara ashirin na yi ina sayar da abinci a wata 'yar tasha a Talata Mafara, inda motocin Bakura da na Maradun suke lodi. Tuwon shinkafa da miyar taushe, dafa-duka, ranar kasuwa kuma in ƙara da farfesun kayan ciki. Ni Kirista ce, kuma ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A wani ƙauye bayan Bakura aka yanke mini cibiya, kakana ne ya fara bin Almasihu a gidanmu, a can kuma kabarinsa yake. Na faɗi wannan ne saboda har gobe akwai wanda in ya ji addinina sai ya buɗe baki ya ce, "Kai, amma kin iya Hausa!" Ni kuwa sai in ce masa shi ma ba laifi, yana ƙoƙari.

Mace irina in ta ɗora tukunya a garin nan, akwai tambaya guda da za ta yi ta amsawa har ta tsufa: wa ya yanka? Mafi yawan Musulmin da na sani ba sa cin naman da ba Musulmi ya yanka ba. Ban taɓa jin haushin wannan ba, abin da mutum zai sa a cikinsa ai shi ke da iko da shi. Tun ina yarinya na ga mahaifiyata tana kama kazar Kirsimeti ta kai wa maƙwabci ya yanka, don in an dafa a aika wa kowa kwanonsa ya ci da zuciya ɗaya. Da na fara sana'a sai na riƙe wannan da hannu biyu. Maƙwabcinmu na jikin katanga wani tsohon mahauci ne, ƙarfi ya ƙare masa ya bar kasuwa, amma hannunsa bai manta wuƙa ba. Baba muke ce masa, mu da 'ya'yanmu. Akuya ko kaza, duk abin da zai shiga tukunyata sai ya bi ta wuƙarsa. In baƙon direba ya zauna a bencina ya yi tambayar, kafin in buɗe baki na kusa da shi ya amsa masa: "Yankan Baba na, ci abinka."

Ba zan ce zaman duk daɗi ne ba. Akwai masu zuwa da kwanonsu don kada su taɓa nawa. Akwai wanda zai ci ya ƙoshi ya suɗe hannu, in ya juya baya ka ji ya ce tuwon arniyar nan da daɗi yake. In rigima ta tashi a wani gari da ban taɓa takawa ba, sai maigidana ya ce in zauna gida kwana biyu, in zauna kayan miya su ruɓe. Da ɓarayin daji suka addabi ƙasar kuma sai zukata suka ƙuntata, kowa yana kallon na kusa da shi ta wutsiyar ido. Akwai wani ɗan kamasho, cikin masu tara wa motoci fasinja, wanda Allah ya hore wa murya. Shi kam bai taɓa sa abincina a baki ba, kuma ya ɗauki hana wasu ci kamar aikin da aka ɗauke shi yi. Ni ma bakina ba mai sanyi ba ne. Sau da yawa amsa takan zo mini har leɓe, mai zafi, irin wadda za ta sa tasha ta kwashe da dariya a kansa, sai in haɗiye ta in ci gaba da tuƙa tuwo. Ba haƙuri ne ya yi mini yawa ba. Na dai san a wannan tasha ba wanda zai taɓa shiga majami'a ya ji wa'azi, abin da suka sani game da Almasihu shi ne abin da suka gani a wurin mai tuwo.

Shugaban direbobin tashar mutumina ne tun bai mallaki ko taya ba. Wata damina ɓarayi suka tare shi a hanyar Gidan Goga suka shige daji da shi, ya yi sama da wata guda a hannunsu. Kowace Lahadi sai mun yi masa addu'a a majami'a, ban gaya wa kowa a tasha ba don kada a ce neman suna nake. Da Allah ya kuɓutar da shi ya dawo, riga tana yawo a jikinsa, ƙafafunsa duk tabon sarƙa, sai direbobi suka ce za su yi walimar godiya ranar Talata, a ciyar da duk wanda ya shigo tasha. Suka haɗa hannu suka sayi rago, fari ƙato mai baƙin wuya. Aka zo maganar wadda za ta dafa, ina daga rumfata ina jin su.

"Abin sadaka na hwa," in ji ɗan kamashon nan. "Duk matan Musulmi na garin ga, a rasa wadda za a ba sai wagga?"

Shugaba bai ɗaga murya ba, ai ba shi ma da ƙarfin ɗagawa. Ya ce, "Ita za ta dahwa, Baba shi yanka. Can cikin daji in yunwa ta ishe ni, miyatta nika tunawa. Wanda bai so, shi tashi da azumi."

Aka yi dariya, magana ta mutu. Ni kuwa na ji daɗi har kunnena, kuma ba zan ɓoye ba, na yi alfahari. Ranar Lahadi da yamma suka kawo mini ragon gida ya kwana biyu, a kan cewa Baba zai yanka da asubar Talata.

Kuskuren nawa ne, ba na kowa ba. Mu a gidanmu a ƙafa muke ɗaure dabba. Su direbobi da igiya a wuya suka jawo shi, ɗaurin zarge, irin wanda in an ja yake ƙara shaƙewa. Na ce bari in canza, sai wani abu ya ɗauke mini hankali, na turke shi haka nan kusa da wata gajeriyar katanga da ta raba tsakar gida da inda muke tara harawa. Ranar Litinin bayan azahar na ɗaura ɗankwalina na tafi taron mata a majami'a. Baba da mazan layinmu kuma tun da safe suka tafi Maradun ta'aziyya.

Na dawo wajen la'asar ina 'yar waƙata, na tura ƙofa, sai na ga maigidana a tsugune, wuƙa a hannunsa, jini har gwiwar wandonsa. Shi gyaran injin ban ruwa yake yi a fadama, ya dawo ɗaukar wani ƙarfe ne. Ragon yana kwance a gabansa.

"Mi ya hwaru?"

"Ya ji ƙamshin harawa ya haura katanga, igiya ba ta kai ba. Rataye na iske shi. Na yanke igiya, ido ya riga ya juya. Na hita neman wanda za ya yanka, ba namiji ko guda a layin ga. In na ƙara minti biyu mushe na. Sai niy yanka."

"Kai da hannunka?"

"A'a, da ƙahwata."

Na zauna a kan turmi. Maigidana mutum ne mai tsoron Allah, amma kuma mutum ne da ya taɓa kwana uku a barikin 'yan sanda da iyalinsa lokacin wata tarzoma, bai manta ba. Ya leƙa ƙofa ya dawo ya rage murya.

"Ba wanda yag gani. Ki ce wani Bahillace mai wucewa munka kira. Wa za ya bi shi daji shi tambaya?"

Ban amsa masa ba, amma zuciyata ta amsa, kuma abin da ta ce ya fi nasa muni. Ta ce mutanen da ke ce miki arniya a kan idonki, mene ne don sun ci? Wa ya taɓa mutuwa don Kirista ya riƙe wuƙa? Na ji duk haushin da na haɗiye shekara da shekaru ya taso yana neman hanya, har na hango ɗan kamashon nan yana tsotsar ƙashi ina kallonsa ina dariya a ciki. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma haka aka yi.

Gab da magariba muka ji sandar Baba a ƙofarsa. Na shiga na durƙusa, na yi masa sannu da hanya, na yi masa ya haƙuri, ya amsa, ya tambayi yara, na tambayi mutanen Maradun, sannan na gaya masa. Ya taso ya biyo ni. Ya daɗe yana duba wuyan ragon, yana taɓa inda wuƙa ta bi.

"Jini ya zuba?"

"Ya zuba, Baba, har bakin rariya," na ce.

"Ya motsa bayan wuƙa?"

"Ya yi shure-shure," in ji maigidana.

"Sunan wa kak kira?"

"Sunan Allah."

Baba ya miƙe da ƙyar ya dube ni. "Ɗiyata, a ɗan karatun da niy yi gaban malammai, yankan mutanen littahi halas na gare mu. Ni in kin ba ni, ci zan yi. Amma tasha ba makaranta ba ta. In kinka kai wagga magana can, ba wanda za ya buɗe littahi, baki za su buɗe. Kawo wuƙa in heɗe shi. Gobe in an tambaya, ki ce ya bi ta hannun Baba. Ƙarya kinka yi?"

Da ƙaryar Bafulatani ce kaɗai, da na san ta, don fuskarta a fili take. Wannan kuwa kowace kalma a cikinta gaskiya ce, kuma mai ƙaunata ne ya miƙo mini ita, dattijo mai ilimin addininsa, don ya rufa mini asiri. Na karɓa da godiya har da hawaye. Baba ya feɗe ragon ya sassare shi, ni kuma na tafasa naman na soya shi sama-sama don kada ya lalace kafin gobe. Ƙamshi ya cika unguwa, maƙwabta suna ta yi mini sannu da aiki ta kan katanga.

Ni da maigidana mukan yi addu'a tare da asuba kafin kowa ya kama gabansa, ranar Talatar kuma ni ce da yi. Na gode wa Allah don kwana, na roƙa wa yara, na zo inda kullum nake cewa ya sa albarka a tukunyata, ya tsare mini bakina. Sai harshena ya ƙi. Na sake gwadawa ya ƙi. Abin da ke yawo a bakina tun da na farka shi ne amsar nan da nake ta maimaitawa don ta zauna daidai, ya bi ta hannun Baba. Shekara kusan ashirin ban taɓa koyon yadda zan amsa wannan tambaya ba, don ba ta bukatar koyo. Na hango Shugaba, mutumin da ya fito daga bakin mutuwa, ya ɗaga loma yana gode wa Allah a gaban jama'a, ni kuma ina tsaye da ludayi a hannu, na san abin da bai sani ba. Ya tsaya mini a gaban mutanensa saboda ya yarda da maganata. Idan na shirya kalmomi na gaskiya don ya fahimci abin da ba haka yake ba, to na yaudare shi, ko da kowane malami a Zamfara ya ce naman ya halatta. Na buɗe ido na ce wa maigidana zan je in faɗa.

"Kin manta inda muke?" ya ce. "Magana kaɗan ta isa a tara muna jama'a ƙohwar gida. Ke ba ki da tsoro?"

"Ina da shi."

"Baba da kainai ya ce halas na!"

"Baba yac ce, Shugaba bai ce ba. Bakinai na, sadakatai ta. Shi ad da ikon cewa ya yarda ko bai yarda ba. Ba ni zaɓa mai a ɓoye."

"To ni da niy yanka hwa?"

"Kai ceto kay yi. Laihin nawa na, ni na bar shi da zarge a wuya, haka kuma zan hwaɗi."

"In kin tahi, kin tahi ke ɗai."

Na ce to. Ina da wani ɗan rago da nake turkawa don Kirsimeti, bai kai rabin wancan ba, amma shi nake da shi. Na ɗaure shi a ƙafa na jawo shi. Baba yana zaune a ƙofar gidansa a kan buzu, carbi a hannu. Da ya ga rago, ya ga ba tukunya a kaina, bai bukaci bayani ba.

"Na ba ki sutura kin tuɓe?"

Na durƙusa. "Baba, ba raini ba na. Na gwada, ban iya ba."

Ya kawar da fuska. Wannan ya fi mini zafi a kan duk abin da maigidana ya faɗa, na tashi na kama hanya ina share ido da bakin mayafi.

Ranar kasuwa ce, tun da hantsi tasha ta cika. An share fili, an shimfiɗa tabarmi, an jera manyan faranti ana jiran abinci. Shugaba yana zaune a kan benci cikin farar riga sabuwa, direbobi sun kewaye shi. Na durƙusa na gaishe shi, muka yi ina kwana, ina gajiya, ya jiki, ya iyali, ya ruwa. Ban taɓa son doguwar gaisuwarmu kamar ranar ba, da za ta kai azahar da na gode. Amma ta ƙare, ya dubi ɗan ragon da ke bayana ya dube ni.

Na ce, "Ranka shi daɗe, na zo da magana mara daɗi. Ragon da kunka ba ni amana, jiya ya shaƙe da igiya saboda sakacina. Baba bai gari, ba wani Musulmi kusa. Maigidana yay yanka shi don kada shi mutu mushe. Naman na nan gida, ban kawo ba. Ga wanga, nawa na, in kun karɓa a yanka yanzu gabanku."

Nan take ɗan kamashon nan ya samu abin da ya daɗe yana nema.

"Na hwaɗa muku! Ban hwaɗa muku ba? Yau da asiri ya tonu kun ji. Wa yas san sau nawa ta ciyar da ku yankan arna kuna lashe hannu? Shekara nawa?"

Wannan ce ta soke ni. Ban yi tunaninta ba ko kaɗan. Na zaci gaskiyar yau za ta tsaya a kan yau, ashe za ta koma baya ta ɓata duk tukunyar da na taɓa saukewa. Na ga fuskokin mutanen da na ciyar tun suna samari suna canzawa, wani har ya tofar da yawu. Fasinjoji suka fara matsowa, masu babura suka kashe injin, wanda bai ji farkon magana ba yana tambayar na gaba, na gaba yana ba shi abin da ya fi wanda aka faɗa. Na ji an ce mushe, na ji an ce da gangan. Ina ta cewa a zuciyata, ya Yesu, riƙe mini bakina, kada in yi ƙarya kuma kada in yi zagi.

"Asiri bai tonu ba," na ce da iyakar muryata. "Ni niz zo da ƙahwata. Da ina yi, da yau ma na yi, da yanzu kuna ci."

"To tsohon hwa?" in ji ɗan kamashon. "Da munka wuce jiya da dare mun ji ƙamshin suya. Wa yah heɗe? Baba ya sani?"

In na ce bai sani ba, na yi ƙaryar da na zo gudu. In na faɗi abin da ya faru, na tozarta dattijon da ya so ya rufa mini asiri. Na yi shiru, shirun kuwa ya zama musu amsa, hayaniya ta ƙaru.

"Na sani."

Baba ne. Ashe ya biyo ni a baya da sandarsa, tafiyar da ba ya yi sai a kan babur. Aka dare masa hanya ya shigo tsakiya yana haki.

"Na sani, ni kuma na heɗe. Ni nic ce mata ta yi shiru, ta ce muku ya bi ta hannuna. Ni Musulmi, da hurhurata, ni na koya mata yadda za ta rufe ku. Ita ta ƙiya. In akwai wanda za ku tohwa ma yawu, ga ni. Shekarun da kaka tambaya kuma," ya nuna ɗan kamashon da sanda, "ni ka yanka, ko kaza ba ta taɓa wuce ni ba. In kana da shaidar da ta hi tawa, kawo ta."

Ba wanda ya kawo. Na baya suka fara janyewa, masu babura suka tayar da injin. Amma kada mai karatu ya zaci daga nan aka rungume ni. Shugaba ya daɗe kansa a sunkuye, yana murza tabon da ke idon ƙafarsa. Da ya yi magana, ƙasa yake kallo.

"Da kin yi shiru da mun ci."

"Na sani, ranka shi daɗe."

"Na tsaya miki gaban mutane."

"Shi yas sa na kasa."

Ya yi ajiyar zuciya. "Bar ragon, mun karɓa. Amma ba ke za ki dahwa ba. Kuma ki kwashe kayanki daga rumhwa. Maganar ga ta riga ta shiga kasuwa, ba ni iya tsare ki, ni kaina da ƙyar nika tsayuwa."

Na ce na gode. Na ɗebi abin da zan iya ɗauka na bi bayan Baba. Sai da muka kai ƙofar gida ya ce, "Ke dai kan ki da tauri, tun kina amarya." Na ce a wurinsa na koya. Ya yi tsaki ya shige.

Naman wancan ragon gidajen 'yan majami'armu muka rarraba wa, ni ko yanka ɗaya ban iya ci ba. A majami'ar ma ba kowa ya ce na kyauta ba. Wata ta ce wauta ce, wata ta ce na jefa dukanmu cikin haɗari don in nuna na fi kowa tsarki, kuma ban ce ba ta da hujja ba, don kwana biyu muka yi muna jin motsin ƙofa. Baba shi ma ya biya nasa, masu kawo masa yanka suka ragu, wasu suka daina ba shi hannu a masallaci na wani lokaci. Maigidana kuwa ya ɗauke mini magana ɗungurungum. In na ajiye abinci ya ci ya tashi, addu'ar asuba kowa ya yi tasa. Ban ji wani haske ya sauko mini ba. Baƙin ciki na ji, da fushi, har na ce wa Allah, na yi abin da ka ce, ga shi an kore ni kamar ɓarauniya, mai zagina kuma yana can yana cin ragona. Na yi kuka ya ishe ni. Abin da ban ji ba ko sau ɗaya shi ne da-na-sani, na neme shi a zuciyata ban same shi ba.

Rumfar nan har yau ban koma sana'a cikinta ba. Amma da Talata ta zagayo na ce ba zan zauna a ɗaki ba, don in na ɓuya na tabbatar musu da abin da aka faɗa a kaina. Akwai wata bishiyar dogon yaro a tsallaken titi, daidai ƙofar tasha, ba rumfa ba benci, sai inuwa. Na kai wa Baba akuya da asuba ya yanka, na yi wa mai amalanke magana ya kai mini tukwane da itace can. Maigidana yana kallona ina shiri, ya hau babur ɗinsa ya tafi fadama.

Saura duwatsun murhuna guda uku, suna cikin tsohuwar rumfata. Na tsallaka na shiga tasha. Wata mata ta riga ta kafa nata kayan a wurin, ta ture duwatsun gefe. Na gaishe ta ta amsa a ciki. Direbobi suna zaune a benci, waɗanda na sani da waɗanda suka san ni, kowa ya samu abin kallo a wayarsa. Na sunkuya na kama dutse ɗaya. Duwatsu ne manya, maza biyu suka kawo mini su tun farko, ni kuma ba yarinya ba ce yanzu. Na ja, ya motsa kaɗan ya tsaya. Na ji muryar ɗan kamashon nan daga baya yana cewa a bar ta ta ɗauka, ai ƙarfin hali gare ta. Na gyara ɗaurin zane na sake kamawa, na ce ko mirgina shi zan yi sai ya tsallaka titin nan.

Sai na ji babur ya tsaya a bayana. Maigidana ne, da kayan aikinsa masu baƙin mai, bai kai fadamar ba. Ya sauka, ya yi wa mutanen benci sallama da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya yana duban idonsu, har sai da suka amsa. Duk tasha ta san shi ne mai wuƙar. Ya matsar da ni gefe da gwiwar hannu, ya tsuguna, ya rungumi dutsen ya ɗora a kafaɗa, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. Kwana bakwai ke nan bai ce mini kanzil ba.

"Ina za a aje?" ya ce.

Na nuna masa gindin bishiyar. Ya tsallaka da shi a gaban kowa, ya dawo ya ɗauki na biyu, ya dawo ya ɗauki na uku, ni kuma na durƙusa na hura wuta.